Out Run: Tseren da Babu Abokin Hamayya

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi]

Iyayenmu da yayyenmu, ku ba ni aron kunnuwanku yau ko da kun ji batun ya yi kama da na yara, domin a kan wasan gem za mu tattauna. Gem ɗin kuwa ya girmi da yawa daga cikin masu sauraronmu. Sunansa Out Run. Kamfanin Sega na ƙasar Japan ne ya fito da shi a watan Satumba na 1986, kuma har gobe, idan masana wannan sana'a suka zauna lissafin wasannin mota da suka sauya mata alƙibla, sunansa yana cikin na farko-farko.

Akwai dalilin da ya sa na ga ya dace da gidan rediyo musamman. Idan mutum ya jefa kuɗinsa a akwatin wasan, ba hanya ake fara nuna masa ba. Rediyon motar ake nuna masa, da hannu a kan maɓallinta. Sai ya murza sitiyari ya zaɓi kiɗa ɗaya cikin uku, sannan a ba shi hanya. Wanda ya tsara wasan ya lura da abin da kowane direba ya sani, cewa mai shirin doguwar tafiya yakan gyara zama ya nemi tashar da zai ji kafin ya taka totur. Wannan ɗan abu kaɗai ya isa ya nuna cewa mutumin ya zauna ya yi tunani a kan daɗin tuƙi shi kansa.

Bari mu fara da wurin da ake buga shi. A wancan zamani wasanni mafiya kyau ba a gida suke ba. Suna cikin manyan akwatuna ne masu tsayin mutum, kowanne da allonsa da abin sarrafa shi, an jera su a shaguna na musamman. Ka jefa kwandala, ka yi wasa na 'yan mintoci, in lokacinka ya ƙare ka sake jefawa ko ka ba na bayanka wuri. A Japan kwandalar yen 100 ce, a Amurka ta santi 25. Tun da wasan Space Invaders na kamfanin Taito ya fito a 1978 irin waɗannan shaguna suka cika biranen Japan. Sai dai sunansu ya ɓaci a wurin iyaye da malamai. Ana kallonsu a matsayin wurare masu duhu da hayaƙin taba, matattarar yaran da suka gudo daga makaranta. A 1985 hukuma ta shigar da su ƙarƙashin dokar da ke kula da wuraren shaƙatawa na dare, aka ƙayyade musu lokacin rufewa, aka kuma taƙaita sa'o'in da yara za su iya shiga. Masu sana'ar sun shiga neman abin da zai jawo sababbin mutane, irin ma'aikaci da ya taso daga ofis, da saurayi da budurwa da suka fito yawo.

Wasan mota kuwa ba sabon abu ba ne a lokacin. Tun 1974 Atari ta yi Gran Trak 10 a Amurka, Taito ta yi Speed Race a Japan. Ita kanta Sega ta yi Monaco GP a 1979 da Turbo a 1981. Wanda ya fi su duka suna shi ne Pole Position na kamfanin Namco, na 1982, wanda ya kwaikwayi filin tseren Fuji na ainihi. A cikinsa sai ka fara gwajin neman gurbi, sannan ka shiga tsere da sauran motoci, kuma da zarar ka goga wata mota ko allon talla, taka motar ta kama da wuta. Wasa ne mai kyau, amma mai tsanani. Wanda bai iya ba, kuɗinsa kan ƙare kafin ya gane abin da ke faruwa.

A nan wani saurayi mai suna Yu Suzuki ya shigo. An haife shi a 1958 a lardin Iwate da ke arewacin Japan, ya kama aiki da Sega a 1983 a matsayin mai rubuta manhaja. A 1985 ya fito da Hang-On, wasan babur wanda akwatinsa babur ne sukutum: ka hau, ka riƙe ƙaho, in za ka sha kwana ka kwantar da shi da nauyin jikinka. Akwai waɗanda suka yi shakkar cewa mutanen Japan, da kunyarsu, za su yarda su ɗare kan babur na roba a bainar jama'a. Suka ɗare kuwa, har da layi. A ƙarshen shekarar ya ƙara da Space Harrier, mai kujerar da ke juyawa da mai wasa. Saboda haka lokacin da ya ce mota yake so ya yi a gaba, kamfani ya saurare shi.

Tunaninsa na farko ya samo asali ne daga fim ɗin Amurka na 1981, The Cannonball Run, labarin tseren motoci daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan. Ya so ya je ya bi hanyar da kansa. Da aka duba sai aka ga yawancin hanyar fili ne fetal, ka yi sa'o'i kana tafiya ba abin da ya sauya. Wasan minti biyar ba zai ɗauki wannan ba. Sai aka karkata zuwa Turai, inda ƙasashe suke kusa da juna, tafiyar yini guda kan fitar da mutum daga daji zuwa tsauni, daga tsauni zuwa teku.

Ya sauka a Frankfurt ta Jamus, ya yi hayar mota ƙirar BMW 520, ya ɗora kyamarar bidiyo, ya yi kimanin mako biyu yana tuƙi. Ya bi tsofaffin garuruwan kudancin Jamus, ya ratsa tsaunukan Alps, ya gangara gaɓar tekun kudancin Faransa, ya shiga Monako, ya wuce Italiya har su Florence da birnin Rum. Jama'a, ku tuna cewa a 1986 ake magana. Mai zanen wasa a Tokyo yana iya buɗe mujallar yawon buɗe ido ya kwafi hoton tsauni, ba wanda zai tuhume shi. Amma hoto ba ya gaya maka yadda hanya take ɓacewa a bayan tudu ta sake ɓullowa, ko yadda haske yake sauyawa idan ka fito daga tsakanin duwatsu ka hango ruwa. Gani ya kori ji. A ganina wannan tafiya ita ce gishirin wasan gaba ɗaya, domin abin da ya dawo da shi gida shi ne yadda tafiya take a jikin mai yin ta, kuma shi ya zuba a cikin akwatin.

A Monako ne ya ga motar da zai yi amfani da ita: Ferrari Testarossa, wadda aka fara sayarwa a 1984, mai inji silinda 12, faffaɗa a baya, da wasu tsage-tsage a gefenta da ba a kasa gane su. Da ya koma Japan, ma'aikatansa suka nemo guda ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da ke ƙasar, suka ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa. A wasan sai suka yi ta ja, suka cire mata rufi. Kamfanin Ferrari bai taɓa kai wannan samfurin na Testarossa marar rufi kasuwa ba. Guda ɗaya tak ya ƙera da kansa, a 1986, domin Gianni Agnelli, shugaban kamfanin Fiat. Wato motar da miliyoyin yara suka tuƙa da kwandala ɗaya, ko attajirai ba su iya shiga shago su saye ta. Ku riƙe wani abu kuma, za mu dawo kansa: Sega ba ta karɓi lasisi daga Ferrari ba kafin ta sa motar.

Mutanen da suka yi aikin ba su da yawa. Masu rubuta manhaja huɗu ne, masu zane biyar, da mai sauti ɗaya, kuma cikin abin da bai wuce wata goma ba suka gama. Suzuki da kansa ya rubuta kaso mai yawa na manhajar.

[Gajeren kiɗa]

To, me mai wasa yake gani? Yana bayan motar, ƙasa-ƙasa kusa da kwalta. Direba na zaune, a gefensa wata mace mai gashi ruwan gwal, iska na kaɗa shi. Sama shuɗiya ce tas. Ga itatuwan kwakwa, ga teku a gefe, ga jama'a sun taru a wurin tashi. Hannunsa na kan sitiyari, ƙafarsa na kan totur da birki, giya biyu ce kacal, ƙarama da babba. In ya take ta sosai allo zai nuna masa kilomita 293 a awa guda.

Abin da ba zai gani ba shi ne abokin tsere. Babu na ɗaya, babu na biyu, babu wanda ake cewa ka wuce shi ka ci kofi. Motocin da ke kan hanya matafiya ne kawai, manyan motocin kaya da ƙananan motoci irin su Bitil, kowa na harkar gabansa. Suzuki ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa shi wasan tuƙi ya yi niyya, ba wasan tsere ba, kuma bai ga hikimar a ce mota ta fashe don an ɗan goge ta ba. A Out Run in ka goga wata mota za ka yi tangal-tangal gudunka ya ragu. In ka daki bishiya da gudu motar za ta wuntsila, ta watso ku waje, ku zauna a gefen hanya, sannan a mai da ku ciki a ci gaba. A nan dole in tsaya in yi magana da ƙannena masu tuƙi: wannan rangwame na cikin allo ne kawai. Motar da ta wuntsila a kan titin gaske, ko da rabin wannan gudu ne, ba a tashi daga cikinta a karkaɗe riga.

Babbar hikimar wasan tana ƙarshen kowane zango. Hanya takan yi faɗi, sai ta rabu biyu, dama da hagu, kai za ka zaɓa. Zangon farko ɗaya ne ga kowa. Na biyu guda biyu ne, na uku guda uku, haka har na biyar mai guda biyar. In ka haɗa, zango 15 ke nan, amma a tafiya ɗaya biyar kawai za ka gani, kuma hanyoyin da za a iya bi daga farko zuwa ƙarshe 16 ne. Wani reshe ya kai ka hamada, wani tsaunuka, wani gonakin alkama, wani ƙarƙashin jerin bakunan dutse da ke wucewa ta kanka ɗaya bayan ɗaya, wani gonar inabi ko bakin tafki. Kowace mashiga ta ƙarshe da ɗan wasan barkwancinta. A ɗaya motar takan wargaje da isarku, a wata kuma mai miƙa kofi yakan wuce direban ya ba abokiyar tafiyarsa.

Ku duba abin da wannan rabuwar hanya ta yi. Wanda ya kai ƙarshe bai gama wasan ba, kashi ɗaya cikin uku kawai ya gani. Wanda ya gaza a zango na biyu kuwa yana tafiya gida yana tunanin abin da ke ɗaya reshen da bai bi ba. Ta fuskar kasuwanci dabara ce ta dawo da mutum. Ta fuskar fasaha kuma ita ce ta sa hanyar ta zama kamar ƙasa mai faɗi, wadda take nan ko ka bi ta ko ba ka bi ba.

Yanzu bari in yi bayanin yadda na'urar 1986 ta iya nuna wannan duka, don a nan ne gwanintar take. A cikin akwatin akwai ƙwaƙwalwa biyu samfurin Motorola 68000, da wata ƙarama, Z80, mai kula da sauti. Ba su da ƙarfin gina duniya mai zurfi irin ta wasannin yau. Kowace bishiya, kowane allon talla, kowace mota, hoto ne shimfiɗaɗɗe da aka zana aka ajiye. Abin da injiniyoyin Sega suka ƙera shi ne sashe na musamman mai iya ƙara girman hoto ko rage shi nan take. Sai a ɗora bishiya 'yar mitsitsiya can inda sama ta haɗu da ƙasa, a riƙa ƙara mata girma ana tura ta gefe, sau 30 a daƙiƙa guda, har ta fice daga allo. A yi wa hotuna masu yawa haka a lokaci ɗaya. Ido da kansa zai yanke hukunci cewa gudu ake yi.

Hanyar ma dabara ce. Layi-layi ake zana ta, daga ƙasan allo zuwa nesa. In aka riƙa gusar da kowane layi kaɗan zuwa dama fiye da na ƙasa da shi, sai ka ga kwana. In aka sauya inda layukan suke faɗawa, sai ka ga tudu ko gangara. Tudun nan kuwa shi ke ɓoye maka abin da ke gaba, ka hau da gudu ka tarar da babbar mota a tsakiyar hanya. Sannan na'urar tana iya zana hanya biyu a lokaci guda. In an ɗora su a kan juna sai su zama titi ɗaya mai faɗi, in an janye su sai ka ga hanya ta rabu. Rabuwar hanyar da muka yi ta yabo, tun daga cikin ƙarfen na'urar aka tanade ta.

Akwatin kansa iri huɗu aka yi, biyu na tsaye, biyu na zama. Mafi tsada an yi shi da siffar jar mota, yana da inji a ƙarƙashi da ke karkata kujera idan ka sha kwana, ya girgiza ka idan ka sauka daga kwalta, ga lasifika a bayan kanka.

Sai kiɗa. Hiroshi Kawaguchi ne ya tsara shi, wanda dama shi ya yi na Space Harrier. Guda ukun da ake zaɓa su ne Magical Sound Shower, Passing Breeze da Splash Wave, akwai kuma na huɗu mai sanyi, Last Wave, da ake sawa lokacin rubuta suna a jerin gwanaye. Ba faifai ba ne a cikin akwatin. Wani ɗan ƙaramin guntun lantarki na kamfanin Yamaha, YM2151, shi ke haɗa sautin nan take, tare da wani sashe mai fitar da amon ganguna. Salon ya ɗauko daga kiɗan Latin Amurka da jaz na zamanin. Abin lura shi ne tsawonsu. Yawancin kiɗan gem na lokacin ɗan gajere ne mai maimaita kansa har ya gundure ka. Waɗannan kuwa cikakkun kiɗa ne masu gabatarwa da tsakiya da wurin da kayan kiɗa ɗaya zai fito ya yi gwaninta, an auna su su raka mutum tsawon tafiyarsa.

[Gajeren kiɗa]

Kada in yi ta yabo in ɓoye muku ɗaya fuskar. A saman allo akwai agogo, yana ƙirgawa ƙasa. In ka isa ƙarshen zango kafin ya kai sifili a ƙara maka lokaci, in ba ka isa ba motar ta tsaya cak, wasa ya ƙare. Mai shago yana iya buɗe akwatin ya saita tsananin agogon da yawan motocin hanya. Duk maganar 'yanci da iska da teku, a ƙarƙashinta akwai lissafin mai shago, wanda ke son kujerar ta samu sabon mai zama kowane minti biyu ko uku. Ko gwani, tafiyarsa daga farko zuwa ƙarshe kimanin minti biyar ce. Ina ganin abin da ya ɗaga Out Run sama da takwarorinsa shi ne bai bar mai wasa ya tashi hannu rabbana ba. Ko minti ɗaya da rabi ka yi, ka ji kiɗan da ka zaɓa, ka ga teku, kujera ta motsa da kai. Wanda ya sha kaye ma ya samu abin da ya biya.

Kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. A 1987 yana sahun gaba na akwatunan da suka fi tara kuɗi a Japan da Amurka da Birtaniya, kafin ƙarshen shekarar an sayar da kimanin akwati 20,000 a duniya, kuma shi ne akwatin Sega mafi kasuwa a shekarun 1980. Ya zo a kan gaɓa. Tattalin arzikin Japan yana shiga shekarun nan na bunƙasar farashin filaye da hannun jari, darajar yen ta tashi bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985, tafiya Turai da sayen kayan Turai sun zama burin matasa. A Amurka, a wannan shekara ta 1986, shirin talabijin na Miami Vice ya fara nuna farar Testarossa. Wasan ya sayar wa mutane mafarkin zamaninsu a farashin kwandala. Mafarkin kuwa na namiji ne, wannan gaskiya ce. Macen da ke gefe ba ta da suna, ba ta tuƙi, aikinta ta zauna, in an yi haɗari ta nuna wa direba yatsa. Masu sharhi na baya sun soki wannan, kuma sukar tana kan hanya.

Inda labarin karɓuwarsa ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin da aka yi ƙoƙarin kai shi gida. A Birtaniya yara da yawa suna da ƙananan kwamfutoci irin su ZX Spectrum, Commodore 64 da Amstrad CPC, waɗanda ake loda musu wasa daga kaset. Kamfanin U.S. Gold na Birmingham ya sayi izini daga Sega, ya yi ta talla, ya fito da shi dab da Kirsimetin 1987. Waɗannan kwamfutoci ba su kusanci ƙarfin akwatin ba ko kaɗan. Na Commodore 64, wani yaro ɗan shekara 17, Martin Webb, shi ya rubuta shi yana aiki tare da mahaifinsa. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, motarsa tana gudu, amma dole ya sadaukar da rabuwar hanya: tun farko za ka zaɓi hanya ɗaya ka loda ta. A Spectrum launuka sun ragu, kuma a ƙaramin samfurinsa sai ka dakata kaset ya lodo zango na gaba. Na Amstrad shi ya fi shan suka saboda jan ƙafa. Su kansu masu sayarwa sun san ba za a samu sautin asali ba, sai suka saka kaset na kiɗan akwatin a cikin kwalin, ka kunna a rakodarka kana wasa. Tuwo ne aka kawo ba miya, aka biyo da miyar a wani kwano daban.

Mujallun wasanni sun rabu, wasu suka yaba, wasu suka ba shi maki tsaka-tsaki. Amma masu saye ba su jira su ba. Shi ne ya zo na ɗaya a kasuwar wasannin Birtaniya a Kirsimetin nan, aka sayar da dubban ɗaruruwa, kuma masu karatu suka zaɓe shi gwarzon wasan shekarar 1987 a kyautar Golden Joystick. Me ya sa abin da ya gaza asalinsa da nisa ya yi irin wannan kasuwa? Amsar da na gamsu da ita ita ce yaran sun riga sun zauna a jar kujerar nan a wuraren shaƙatawa na bakin teku lokacin hutu, kuma abin da suka saya a kaset hanya ce ta tuna wannan zama. Hankalinsu ne yake cike giɓin da kwamfutar ta bari. Na'urorin Sega na gida sun fi kusantar asali: Master System a 1987, Mega Drive a 1991, sai kuma Saturn a 1996, wanda a kansa ne aka samu kwafin da ya yi daidai da akwatin, shekara goma bayan fitowarsa. Mega Drive ɗin nan ita ce ta sa sunan Sega ya zauna a bakin waɗanda suka taso a biranenmu a shekarun 1990, ko a gida ko a gidan gem na unguwa.

An yi masa magada. Turbo OutRun ya fito a 1989, OutRunners ya biyo baya a farkon shekarun 1990 da damar mutane da yawa su yi tsere da juna. Shi Suzuki ya wuce gaba, ya yi Virtua Racing a 1992 da Virtua Fighter a 1993, waɗanda suka buɗe zamanin zane mai zurfi na gaske, sannan Shenmue a 1999. A 2003 Sega ta fito da OutRun 2, a wannan karo da cikakken lasisin Ferrari, kuma mutane da yawa suna ganin shi ne magajin da ya fahimci ruhin na farko. Sunan ma ya fita daga duniyar gem. Wani salon kiɗan lantarki mai kwaikwayon amon shekarun 1980 ana kiransa da sunan wasan, kuma mawaƙin Faransa Kavinsky ya sa wa kundinsa na 2013 suna OutRun.

Maganar lasisin da na ce ku riƙe, ga inda ta ɓullo. A 2009 aka saki OutRun Online Arcade, wanda ake saukewa ta intanet. Da yarjejeniyar Sega da Ferrari ta ƙare, aka cire shi daga shagon PlayStation a 2010, daga na Xbox a 2011. Wanda bai saya ba kafin nan, ƙofa ta rufe masa. Shi kuma na asali, duk lokacin da aka sake fito da shi a shekarun baya-bayan nan, kamar na Nintendo 3DS da na Switch waɗanda kamfanin M2 ya gyara, sai an sake zanen motar. Ja ce har yanzu, marar rufi, amma an sauya bayanta, an cire tambarin doki. Wannan abu yana damuna, domin fim ko littafi na 1986 ana iya samunsa yadda aka yi shi, amma wasan da ya kai wannan matsayi sai an taɓa shi kafin a sayar. Akwatunan asali kuwa suna tsufa, allonsu irin na tsohuwar talabijin ne da aka daina ƙerawa, injin kujerar yana lalacewa. Masu sha'awa ne suke gyara su ɗaya-ɗaya, wani mai rubuta manhaja ma, Chris White, ya bi umarnin wasan layi-layi ya sake rubuta shi a wani aiki mai suna CannonBall, ya bar shi kyauta domin ya yi aiki a na'urorin zamani. Ita kuwa Sega, a 2020 ta sayar da mafi yawan hannun jarinta na harkar gidajen gem ga kamfanin Genda, a farkon 2022 ta sayar da ragowar, aka fara sauke sunanta daga ƙofofin shagunan ana maye shi da GiGO. Tana ci gaba da ƙera akwatunan wasa, amma shagunan na wasu ne yanzu.

Jama'a, a nan lokaci ya cim mana.

[Kiɗan rufe shiri]